Kowane Icce da Mai Shi: Jawabin Ɗan Takararmu ga Mutanen Maraɗi

Wannan shi ne jawabin da jagoran ƴan takararmu na majalisar birnin Maraɗi ya yi a gaban dattawan unguwanni, ƙungiyoyin mata da ƴan fada, a shirin zaɓen ranar Lahadi 13 ga Disamba 2020. In ka gama karantawa, ka karanta wa wanda bai iya ba, sannan ka miƙa wa maƙwabcinka.



Iyayenmu dattawa, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata da ƙannenmu, sannunku da ƙoƙari. Alhazan kasuwa, ƴan fada, ƴan kabu-kabu, ƴan ga-ruwa, masu amalanke, da ƴan uwanmu da suka taso daga Tsibiri da Madarunfa da Ɗan Isa don su ji da kunnensu, ina gaishe ku baki ɗaya. Kun bar sana'o'inku kun zo, Allah ya saka da alheri.

Yau magana ɗaya na zo da ita, ita ce maganar icce a cikin garin Maraɗi.

Na san wani zai ce a ransa, wannan mutum bai san halin da ake ciki ba. Iyakar Najeriya a rufe take tun watan Agustan 2019. Motocin da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya sun tsaya, ɗan dako ya rasa abin ɗauka, mai shago yana wuni bai yi cinikin kirki ba. Ƴan uwanmu na Sakkwato da Zamfara da Katsina sun tsallako suna neman mafaka saboda ƴan bindiga. A irin wannan lokaci ne za a zo mana da zancen dashe?

Mai wannan tambaya yana da gaskiya, kuma ya cancanci amsa. Buɗe iyaka ba ya hannun magajin gari. Amma filayen gari, titunansa, kasuwanninsa, harabar makarantunsa da magudanan ruwansa, duk waɗannan suna hannun majalisar da za ku zaɓa ranar 13 ga wata. Ni kuma ba zan tsaya a gabanku in yi alkawarin abin da ba ya cikin ikon kujerar da nake nema ba. Abin da ke cikin ikonta shi zan faɗa, ku kuma ku riƙe ni da shi.

Wa ke bukatar inuwa?

In bazara ta kama, cikin Afrilu da Mayu, zafin garin nan yana haura awo 40. Wanda ke da na'urar sanyi a ɗaki da mota ba ya jin abin da muke faɗa. Mai jin sa ita ce uwarmu da ke tuyar ƙosai a bakin titi. Shi ne ɗan kabu-kabun da ke jiran fasinja, kujerar babur ɗinsa ta yi zafin da ba ta zaunuwa. Su ne yaranmu da ke karatu a ajin zana. Su ne masu jinya da ke zaune a ƙofar asibiti suna jiran a kira su. Inuwar icce ita ce na'urar sanyin talaka, ba ta neman kuɗin wuta, ba ta tsayawa in an ɗauke wuta.

Sai maganar ruwa. Kakanninmu a cikin fadamar Gulbi suke zaune, har ambaliyar 1945 ta cinye tsohon gari, aka tashi aka hau tudu. Garin da muke ciki yau ruwa ne ya kawo mu cikinsa. Tudun nan kuwa rairayi ne. In sama ta zubo a kan ƙasar da ba ta da ciyawa, ba ta da saiwa, ruwan ba ya tsayawa ya shiga ƙasa. Gudu yake yi zuwa Gulbi, yana yanka kwazazzabo, yana cin gindin katanga. Daminar bana kun gani da idonku: jaharmu tana cikin jahohin da ambaliya ta fi yi wa ɓarna a duk faɗin Nijar. Icce ba zai maye gurbin magudanar siminti ba, wannan ba na ɓoye muku. Amma saiwarsa tana riƙe bakin kwazazzabo, ganyensa yana karya ƙarfin ruwan sama, kuma ƙasar da ke ƙarƙashinsa tana shan ruwa fiye da fako.

Na uku, iccen girki. A ƙidayar 2012 mutanen birnin Maraɗi sun haura dubu 267, yau kuwa Allah kaɗai ya san yawanmu. Mafi yawan gidajenmu da icce ake ɗora tukunya. Iccen nan daga daji yake zuwa, daga wajen Babban Rafi da sauran dazuzzukan kudu, kuma kowace shekara mai amalanke sai ya ƙara nisa kafin ya cika kayansa. Ku tambayi matan gida nawa suke kashewa a icce kowace rana, ku kwatanta da kuɗin cefane. To, maganar icce maganar aljihu ce.

Shekara 45 ana dashe

Tun 1975, zamanin Janar Seyni Kunce, aka haɗa bikin samun ƴancin kai na 3 ga Agusta da bikin dashen itatuwa. Niyya ce mai kyau, ba mai musun haka. A 1984 kuma nan garin ne aka yi babban taron ƙasa a kan yaƙi da hamada, har aka sa wa matsayar da aka ɗauka sunan Alkawarin Maraɗi. Sunan garinmu ne a kan takardar.

Daga 1975 zuwa bana shekara 45 ke nan. Kowace shekara ana dashe. Kowace shekara manya suna zuwa da manyan riguna, a ba su shebur sabo, a zuba ruwa da butar da ba ta taɓa ganin ƙasa ba, a ɗauki hoto, a yi tafi, da dare a nuna a talabijin. Da a ce rabin abin da aka dasa cikin shekarun nan ya rayu, da yau mutum zai tashi daga Zariya ya je Babbar Kasuwa rana ba ta taɓa shi ba. Ina itatuwan suke?

Bari in faɗa muku inda suke, don babu wani asiri a ciki. Ruwan garin nan yana ɗaukewa wajen ƙarshen Satumba. Iccen da aka dasa ranar 3 ga Agusta bai cika wata biyu yana shan ruwan sama ba. Daga nan sai ya shiga rani na kusan wata takwas, da saiwar da ba ta kai kamu ɗaya ba. Hunturu ya busar da shi, bazara ta ƙona shi. In ya tsira daga rana, ga akuya. Jar akuyarmu ta Maraɗi abin alfahari ce, fatarta ta yi suna har Turai, amma ba ta san bambancin iccen gwamna da ciyawar bola ba. Daren farko take fara aikinta.

Abu uku ƙaramin icce ke bukata: ruwa, shinge, da mutumin da zai ji zafi in ya mutu. Bikin 3 ga Agusta yana ba shi ruwan yini ɗaya. Wani lokaci yana ba shi shingen da ba ya kai wata. Mutum kuwa, bai taɓa ba shi ba. In ka tambayi mai shagon da aka dasa icce a ƙofarsa, na wane ne wannan, zai ce maka na gwamnati ne. Abin da aka ce na gwamnati ne kuwa, kun san ba mai tashi da asuba ya ba shi ruwa.

Ana ba mu lissafin abin da aka dasa. Ba a taɓa tara mu an ba mu lissafin abin da ya rayu ba. A watan Agusta ake ƙirga, lokacin da ko sandar da ka kafa a ƙasa tana iya toho. Mu a watan Mayu muke so a ƙirga.

A Disamban 2015 an yi bikin Maraɗi Kwalliya. An shimfiɗa kwalta, an yi gine-gine, ba mu ce ba a yi komai ba. Shekara biyar ke nan. Ku bi titunan nan da tsakar rana a ƙafa, kamar yadda talaka ke bi, ku duba inda za ku tsaya ku huta. Ku da kanku za ku yanke hukunci ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Ku duba kuma abin da ya faru a Yamai. Tun 1965 aka fara kewaye babban birnin da ɗamarar itatuwa, galibinsu bedi, mai faɗin kusan hekta 2,500, don ta tare iska da ƙura. Itatuwan sun kama, sun girma. Abin da ya ci ɗamarar nan ba fari ba ne. Yankan filaye ne. An bi ta gefe-gefe ana rabawa, ana sarewa, ana gini, ana zuba shara. Iccen da ya tsira daga akuya, bai tsira daga alƙalamin mai raba fili ba. In haka ta faru a gaban idon fadar shugaban ƙasa, me zai hana ta faru a nan?

Darasin yana bayan gari

Jama'a, abin da zai ba ku mamaki shi ne, maganin wannan ciwo ba a Turai yake ba, ba a Yamai yake ba. Yana nan gonakin da ke kewaye da mu.

Dattawa suna tuna yunwar 1984, wadda ake kira El-Buhari. A lokacin, in ka fita bayan gari, sai ka hango nesa ba icce. Manomi yana sassabe ƙwal, ya tara ya ƙone, iska ta kwashe ƙasa, rairayi ya binne shuka, a sake shuka sau biyu, sau uku. Masu ayyukan raya karkara sun yi ta kawo dashe daga wuraren reno, yawancinsa yana mutuwa.

A cikin waɗannan shekaru wani Bature ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aikin gona a nan Maraɗi, ya lura da abin da ke gaban kowa: ƴan tsirran da ake sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne. Kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana can ƙasa tana shan ruwa. In ka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka datse sauran, ka kare su, cikin ƴan shekaru ka sami icce. Wannan shi ne abin da muke kira sassaben zamani. Ba a sayen iri, ba a ban ruwa. Wuƙa ce da haƙuri.

Manoma suka karɓa, maƙwabci yana gani wajen maƙwabci. Garuruwa irin su Ɗan Saga a yankin Agye suka kafa kwamitoci na maza da mata masu tsaron itatuwa, suka sa wa kansu doka, ɓarawon icce ya san akwai mai kama shi. Yau masana da suka auna da hotunan sama suna cewa wajen hekta miliyan 5 ne suka farfaɗo a ƙasar nan, itatuwa kusan miliyan 200, mafi yawansu a jahohin Maraɗi da Damagaram. Gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya, kuka. Daga ƙasashe ake zuwa ana koyo wajen manomin da wataƙila bai taɓa shiga aji ba.

Me ya sa nasu ya kama, namu na gari bai kama ba? A da, manomi yana ganin icce na ma'aikacin gandun daji ne. In ya bar shi a gonarsa, gobe ya sare reshe, a ci shi tara. Don haka gara ya kashe shi tun yana ƙarami. Ranar da ya tabbata cewa iccen da ya rena nasa ne, shi zai ci ƴaƴansa, dabbarsa ta ci ganyensa, matarsa ta yi girki da rassansa, ranar ce ya fara tsaronsa kamar yadda yake tsaron rumbunsa. Dokar gandun daji ta 2004 ta sassauta, kuma a watan Yulin bana gwamnati ta sa hannu a kan dokar da ta amince da haƙƙin manomi a kan iccen da ya rena. Mun yaba da dokar. Sai dai ta zo ne bayan manoma sun shekara fiye da 30 suna aikin da hannunsu.

Haka aka gani a kwarin Majiya, wajen Buza a jahar Tawa. Daga 1975 aka dasa layukan bedi na ɗaruruwan kilomita don tare iska. Sun rayu saboda an sa masu gadi suna kare su daga dabbobi, da suka girma kuma aka bar mutanen wurin suna amfana da itacen da ake sassarowa.

Tun kafin zuwan Nasara ma, tarihin Damagaram ya nuna sarakunanta sun sa doka mai tsanani a kan saran gawo, saboda sun san gonar da ke da gawo ba ta gajiya. Ba baƙon ilimi muke kawo muku ba. Namu ne, gari ne ya manta da shi.

Abin da za mu yi

In kun ba mu rinjaye a majalisar birni, ga alkawari bakwai. Ku adana takardar nan, ranar tambaya tana zuwa.

Na ɗaya: ba za a dasa icce ko ɗaya da kuɗin gari ba sai an rubuta sunan mai shi. Mai gida, mai shago, limamin masallaci, shugabar ƙungiyar mata, fadar samari, ajin makaranta. Kowace unguwa da littafinta. Wanda ya karɓi icce, inuwarsa tasa ce, ƴaƴansa nasa ne, ganyensa nasa ne. In ya girma ya bukaci aski, za a nuna masa yadda ake yi, rassan kuma shi zai kai gida. Sarewa daga tushe ce kawai sai da izini. Za mu zauna da ma'aikatan gandun daji a rubuta wannan a fili, don kada mutum ya rena icce shekara biyar sannan a zo a ci shi tara a kansa.

Na biyu: za mu dasa kaɗan, mu raya da yawa. Gara icce 100 da ke tsaye bayan rani uku da 10,000 da ke cikin rahoto. Duk kuɗin da aka ware wa dashe, kashi mafi girma zai tafi ga shinge da ruwa. Kuma ba za mu jira 3 ga Agusta ba. Da damina ta zauna a watan Yuli za a sa dashe a ƙasa, a ramin da aka haƙa tun da wuri aka zuba masa taki. Ranar 3 ga Agusta za ta zama ranar zagayawa a duba, a cike gurbin wanda ya mutu, a karrama wanda nasa ya rayu.

Na uku: ruwa. Ƙaramin icce ba tafki yake nema ba. Jarka ɗaya sau biyu a mako tana fitar da shi daga ranin farko, in an rufe gindinsa da ciyawa ko ɓawon gyaɗa don kada rana ta shanye. Ku duba ruwan da muke zubarwa. Masallatai nawa ne a garin nan? Kowanne ana alwala a ƙofarsa sau biyar a yini, ruwan yana kwanciya a titi yana tara sauro. Ƴar magudana ta taku biyar za ta kai shi gindin icce. Haka ruwan da ke zuba a bakin famfon unguwa, haka ruwan wankin hatsi a gida. Inda babu irin wannan ruwa, a manyan tituna da bakin kwazazzabai, majalisa za ta yi yarjejeniya da ƴan ga-ruwa na unguwar, a biya su a kan iccen da ke raye.

Na huɗu: renon dashe da saƙar shinge aikin ƴan gari ne. Ba za mu ba wani ɗan kwangila daga nesa ba. Ƙungiyoyin mata za su rena dashe a kowace daga cikin gundumomi uku na birnin nan, majalisa ta saya a hannunsu. Samarin fada za su yi shinge, na waya ko na tubali ko na ƙaya, gwargwadon wuri. Yaron da rufe iyaka ya raba da dako, ga aikin da zai yi a unguwarsu. Ba zan ce muku wannan zai kashe zaman banza a Maraɗi ba. Amma kuɗin da ake kashewa a rumfunan biki da man motocin rakiya, gara ya shiga aljihun ɗan unguwa.

Na biyar: kowane wuri da iccen da ya dace da shi. Bedi yana da inuwa, yana jure fari, akuya ba ta cika damunsa ba in ya tasa, amma ba a manna shi da katanga ko a sa shi ƙarƙashin wayar lantarki. A manyan tituna, bedi da maɗaci. A bakin kwazazzabo, bagaruwa da aduwa da magarya, masu riƙe ƙasa. A makarantu, tsamiya da kuka da mangwaro inda akwai ruwa. A cikin gida kuwa, zogale. Mutanen Jiratawa sun nuna mana zogale dukiya ce, buhu-buhu ake fitar da ita. Matar da ke da gindi uku a bayan ɗakinta ta rage kuɗin cefane. Kuma a sababbin unguwannin da gari ya ci gonaki, kafin a dasa sabo za a fara duba kututturan da ke nan da rai, a rene su kamar yadda manoma ke yi.

Na shida: filaye. Duk lokacin da aka yi yankan filaye, ana ware wuraren makaranta, asibiti, kasuwa da filin shan iska. Kun san yadda irin waɗannan wurare ke bi su ɓace. Cikin wata shida na farko za mu fitar da jerin duk filayen jama'a da suka rage a birnin nan, a manna a ƙofar kowace gunduma, a karanta a rediyo da Hausa. Sannan a kewaye kowanne da itatuwa, a damƙa tsaronsa ga mutanen unguwa. Filin da unguwa ta sani, ta dasa, ta shayar, ba ya sayuwa cikin dare. Wannan magana tana da gaggawa. A watan Satumban bana gwamnatin Najeriya ta amince da aikin layin dogo daga Kano zuwa Katsina zuwa Jibiya har Maraɗi. In Allah ya sa jirgin nan ya iso, kuɗin fili zai tashi, masu kwaɗayi za su yi yawa. Abin da ba mu kare yau ba, gobe ba za mu same shi ba.

Na bakwai, shi ne uban sauran: lissafi. Kowace shekara a watan Mayu, lokacin da rana ta gama gwada kowa, za a ƙirga itatuwan da ke raye, unguwa-unguwa. Ba ma'aikatan majalisa kaɗai za su ƙirga ba. Za mu roƙi malamai da ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo su shiga, tare da dattawa da matan kowace unguwa. A faɗi nawa aka dasa, nawa aka kashe, nawa suka rayu. In lissafin ya yi kyau, kun gani. In bai yi ba, kun san wanda za ku tambaya, kun kuma san abin da za ku yi da ƙuri'arku in wa'adi ya cika.

Ga masu shakka

Wani zai ce icce yana kawo sauro. Sauro a ruwan da ya kwanta yake haihuwa, cikin kwata da tsohuwar taya da ledar da ta toshe magudana. Iccen da ya shanye ruwan ƙofar gidanka taimakonka ya yi.

Mai dabbobi zai ce, to akuyata fa? Ba mu zo yaƙi da akuya ba, ita ce asusun iyayenmu mata. Shi ya sa muka sa kuɗi a shinge. Shekara biyu zuwa uku ne, icce ya fi ƙarfin bakinta. Daga nan ita ce za ta kwanta a inuwarsa, ta ci abin da ya kaɗo.

Wata za ta ce, duk wannan ba zai sauke kuɗin iccen girki ba. Gaskiya ne, itatuwan titi ba za su ciyar da murhun gari duka ba. Abin da zai sauƙaƙa wa daji shi ne gas da murhu mai tattalin icce. Tun 2011 matatar SORAZ ta Damagaram take fitar da gas a ƙasar nan, amma gidaje nawa ne a Bagalam ko Mokoyo ke iya sayen tukunyar gas ta farko? Wannan magana ta fi ƙarfin majalisar birni. Maganar ƴan majalisar dokoki ce da shugaban ƙasa, ita kuma ranarta 27 ga Disamba.

Akwai kuma mai cewa, ku ma in kun hau haka za ku yi. Ba na jin haushin wannan magana, an sha ku kun warke. Tun Janairun 2011 rabon da a ba ku damar zaɓen kansilolinku. Wa'adin shekara biyar ne, aka yi ta ɗagawa har ya kusa goma. Wanda ya san ba za a tambaye shi ba, me zai sa ya yi lissafi? Mulkin da ba a tambayarsa inuwar giginya ne, na nesa ka sha shi. Shi ya sa ban ce ku yarda da ni don kyan bakina ba. Na ba ku wata, na ba ku abin da za ku ƙirga. Icce ba ya ɓuya. Ko yana tsaye a ƙofar gidanka, ko ba ya nan.

Iyayena, ƴan uwana, duk wanda ya taɓa zama a gindin tsohuwar tsamiya ko tsohon bedi a garin nan, ya sha inuwar mutumin da bai sani ba. Wani ne ya ɗauki ruwa a kansa ya kai, ya kore akuya, ya rasu bai ga girmansa ba. Malamanmu suna karantar da mu cewa irin wannan aiki sadaka ce mai gudana. Mun ci na waɗanda suka gabace mu. Yaran da ke zaune a gaban nan suna jiran namu.

Ku nemi katinku na zaɓe tun yau, kada ku bari sai ranar. Wanda ke da ɗan uwa a Jibiya ko Katsina ko Kano da ya yi rajista a nan, ya aika masa ya shirya. Iyayenmu mata, ku kuka fi kowa sanin zafin rana da tsadar icce, ku fito da wuri, ku fito da maƙwabtanku. Samari, ba zagi, ba jifa, ba yaga hoton kowa. Wanda ya kawo muku atamfa ko sabulu, ku tambaye shi itatuwa nawa suka rayu a unguwarku cikin shekara goma. In kun shiga rumfar zaɓe, daga ku sai Allah.

Ranar Lahadi 13 ga Disamba, ku ba jerin ƴan takararmu ƙuri'arku. Ranar Lahadi 27 ga Disamba, ku sake fitowa.

Allah ya ba mu zaɓe lafiya. Allah ya kawo mana ƙarshen rashin tsaro a iyakarmu, ya buɗe mana hanyoyin arziki. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya abin da za mu dasa. Allah ya taimaki Maraɗi, Allah ya taimaki Nijar.